Terseer Ugbor: Ɗan majalisar da ya shigo siyasa ta ƙofar muhalli

Terseer Ugbor ɗan siyasa ne kuma mai fafutukar kare muhalli daga Jihar Binuwai, wanda ke wakiltar mazaɓar Kwande da Ushongo a Majalisar Wakilai ta Tarayya da ke Abuja ƙarƙashin jam'iyyar APC. An zaɓe shi a babban zaɓen ranar 25 ga Fabrairun 2023, ya kuma kama aiki tare da sauran 'yan majalisa ta 10 a ranar 13 ga Yunin shekarar. Shi ne mataimakin shugaban Kwamitin Muhalli na majalisar, kuma an fi saninsa da ɗaukar nauyin ƙudurin dokar kare dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, wanda majalisun tarayya biyu suka amince da shi a shekarar 2025.

Abin da ya bambanta shi da akasarin waɗanda ke zama a irin wannan kwamiti shi ne, ba a majalisa ya fara sanin sha'anin muhalli ba. Bisa al'ada, rabon kwamitoci a Abuja lissafin siyasa ne: a duba shiyya, a duba jam'iyya, a duba wanda ya tsaya wa wane lokacin zaɓen shugabanni. Ba kasafai ake dacewa da mutumin da kwamitin da aka ba shi ya zo daidai da aikin da ya baro a waje ba. Ugbor na cikin 'yan kaɗan da aka dace da su.

Mazaɓarsa

Kwande da Ushongo ƙananan hukumomi ne biyu a gabashin Binuwai, ƙasar Tibi. Hedikwatar Kwande tana Adikpo, ta Ushongo kuma tana Lessel. Kwande ta yi iyaka da jihohin Taraba da Kuros Riba da kuma ƙasar Kamaru, shi ya sa ta karɓi dubban 'yan gudun hijirar da rikicin yankin masu magana da Turancin Ingilishi na Kamaru ya koro, aka tsugunar da da yawansu a Ikyogen. Ushongo kuwa ta yi suna wajen noman lemo. Jama'ar yankin manoma ne, rayuwarsu a ɗaure take da ƙasa da ruwan sama da daji.

Kafin siyasa: tsofaffin batura

Sunan Ugbor ya fara fitowa ne a matsayin jagoran ƙungiyar REDIN, mai aiki kan sake sarrafa shara da mayar da ita abin samun kuɗi. Ɓangaren da ya fi mayar da hankali a kai shi ne wanda mutane ƙalilan ke tunawa da shi, wato inda tsohon batirin mota ko na wutar sola ke ƙarewa bayan ya mutu.

Irin wannan batiri cike yake da dalma da ruwan asid. Dalmar tana da kuɗi, don haka ba a yar da shi; 'yan gwangwan ne ke saye su kai wa dillalai. Matsalar tana wajen yadda ake fitar da ita. A wurare da dama da gatari ko adda ake fasa batirin, a zubar da ruwan a ƙasa ko a kwata, sannan a narka dalmar a murhun da ba shi da matatar hayaƙi. Ƙurar takan sauka a kan rufin gidaje da gonaki da rijiyoyi, yara su shaƙa ko su haɗiye ta da hannun da suka yi wasa da shi a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin ɗan Adam da za a kira marar illa, kuma a jikin ƙaramin yaro takan taɓa ƙwaƙwalwa, lahanin da ba ya gyaruwa.

Mutanen Arewa ba sa buƙatar dogon bayani kan gubar dalma. A shekarar 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ciki har da Bagega da Dareta da 'Yargalma, sakamakon niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. A 2015 aka sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Hanyar da gubar ta bi daban ce, amma dalmar ɗaya ce da wadda ke cikin batirin da ke ajiye a bayan ɗakin mai sola.

Wani bincike da REDIN ta gudanar da tallafin gidauniyar Heinrich Böll ta ƙasar Jamus ya ƙiyasta cewa Najeriya na tara fiye da tan 110,000 na matattun baturan dalma a kowace shekara. Adadin kuwa ƙaruwa yake yi, domin duk gidan da ya gaji da ɗauke wuta ya koma sola, ya ƙara wa ƙasar batura. Wannan shi ne ɓangaren labarin makamashi mai tsafta da ba a cika faɗa ba a tarukan otal.

Maganin da Ugbor da abokan aikinsa suka riƙa kira a kai shi ne tsarin da ke ɗora wa mai ƙera kaya ko mai shigo da su alhakin abin da ya sayar har bayan ya lalace: ya sa kuɗi a tattara, a kai masana'antar da ke da lasisi, a sarrafa ba tare da cutar da maƙwabta ba. Ya jagoranci ƙawancen ARBR, wanda aka kafa domin gudanar da wannan tsari a ɓangaren batura ƙarƙashin kulawar hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007. A watan Agustan 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idojin kula da batura na ƙasa. Sai dai rubuta ƙa'ida daban, bin ta daban: a 2025 hukumomi sun rufe masana'antun narka batura da dama a garin Ogijo na Jihar Ogun, bayan gwaje-gwaje sun nuna dalma mai yawa a ƙasar garin da jinin mazaunansa.

Zuwa majalisa

Ugbor ya karɓi kujerar ne daga hannun jam'iyyar PDP, a zaɓen da APC ta yi rinjaye a Binuwai har ta kafa gwamnatin Hyacinth Alia. Ya shigo cikin ayarin sabbin jini da suka cika majalisar mai kujeru 360, wadda ta zaɓi Tajudeen Abbas na mazaɓar Zariya a matsayin kakaki. Tun bayan gyaran tsarin mulkin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018, wanda ya rage shekarun tsayawa takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25, ake ta maganar shigar matasa majalisa. A wannan zubin har an samu Ibrahim Bello Mohammed daga Jihar Kebbi da ya shigo yana ɗan shekara 27. To amma ƙuruciya ita kaɗai ba manufa ba ce. Abin tambaya shi ne me sabon ɗan majalisa ya zo da shi a hannu.

Aikin da ya fara fito da shi bainar jama'a ma ba na muhalli ba ne. A 2023 aka ba shi shugabancin kwamitin wucin gadi kan bashin karatu na ɗalibai, bayan Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar a watan Yuni. Dokar farko ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: sai kuɗin shigar iyalin ɗalibi ya gaza naira 500,000 a shekara, sai kuma ya kawo mutum biyu masu tsaya masa daga cikin manyan ma'aikatan gwamnati ko lauyoyi ko ma'aikatan shari'a, abin da ɗan talakan ƙauye ba shi da hanyar samu. Kwamitin na cikin waɗanda suka nemi a sassauta. A watan Afrilun 2024 aka soke dokar aka kafa sabuwa ba tare da waɗannan sharuɗɗa ba, asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatun ɗalibai a watan Mayu.

Ƙudurin dabbobin daji

A nan ne aikinsa ya fi nauyi, kuma ba za a gane dalilin ƙudurin ba sai an san halin da Najeriya ta tsinci kanta a ciki.

Akwai wata ƙaramar dabba mai cin tururuwa da gara, wadda jikinta ke lulluɓe da ɓawo kamar sulke. Hausawa na kiranta ɗankunya, saboda idan ta ji tsoro sai ta dunƙule ta ɓoye kai. Wannan dabara na kare ta daga zaki da damisa, amma ga ɗan Adam sauƙi ce, ɗauka kawai zai yi ya jefa a buhu. Ana neman ɓawonta a wasu ƙasashen Asiya domin haɗa magungunan gargajiya, duk da cewa sinadarin da ke cikinsa iri ɗaya ne da na farcen mutum. A taron ƙasashen yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg a 2016 aka haramta cinikin dukkan nau'o'inta tsakanin ƙasashe. Ita wannan yarjejeniya an ƙulla ta ne a birnin Washington a 1973 domin sa ido kan fataucin dabbobi da tsirran da ke neman ƙarewa, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka shige ta.

Duk da haka, cikin 'yan shekaru sai tashoshin jiragen ruwan Legas suka zama babbar mafitar wannan haramtaccen kaya daga Afirka. A watan Janairun 2019 jami'an Hong Kong sun kama fiye da tan 8 na ɓawon ɗankunya da kimanin tan 2 na hauren giwa a wani sunduƙi da ya taso daga Najeriya. A watan Afrilun shekarar, Singafo ta kama sunduƙai biyu cikin kwanaki kaɗan, kowanne ɗauke da fiye da tan 12, su ma daga Najeriya za su Biyetnam. A watan Yulin 2021 hukumar kwastam ta ƙasa ta kama fiye da tan 7 na ɓawon da ɗaruruwan kilo na haure a Legas, kayan da ta ƙiyasta kuɗinsu ya haura naira biliyan 22. Mafi yawan kayan ba a dazukan Najeriya aka samo su ba. Daga Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da ƙasashen Kwango ake kwararo su, a tara, a fitar. Masu fataucin sun zaɓi Najeriya ne saboda iyakoki a buɗe suke, tashoshi na da cunkoso, hukunci kuma ba ya tsorata kowa.

Dokar da ake aiki da ita ta samo asali ne daga dokar soja ta 1985, wadda ta yanka tarar naira 1,000 kacal ga wanda aka kama karon farko da dabbar da ta fi kowace samun kariya. An yi mata gyara a 2016 aka ɗaga tarar, amma gyaran bai taɓa ainihin raunin ba. Dokar ta san mafarauci da direban mota, ba ta san attajirin da ya biya kuɗin kayan daga wata ƙasa ba, ba ta kuma ba masu bincike ikon bin sawun kuɗi. Sau da yawa ƙananan yaran aiki ake kamawa, shari'a ta yi ta jan ƙafa, ko a ƙare da biyan tara kowa ya kama gabansa.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin nuna da gaske take. A 2022 ta ƙaddamar da tsarin yaƙi da laifukan da suka shafi dabbobin daji da gandun daji na shekara biyar. A watan Oktoban 2023 aka ƙona kusan tan 4 na ɓawon ɗankunya a Abuja, a Janairun 2024 kuma aka niƙe tan 2.5 na hauren giwa, duk a gaban ƙaramin ministan muhalli na lokacin, Iziaq Salako. Amma ƙona kayan da aka kama ba ya maye gurbin dokar da za ta hana a sake tara wasu.

An fara gabatar da irin wannan ƙuduri a ƙarshen majalisa ta 9, sai wa'adinta ya ƙare kafin ya je ko'ina, ya mutu kamar yadda ɗaruruwan ƙudurori ke mutuwa duk bayan shekara huɗu. Ugbor ne ya sake ɗauko shi a 2024. Ya tsallake karatu na biyu a watan Mayun shekarar, aka yi zaman jin ra'ayin jama'a a watan Oktoba, Majalisar Wakilai ta amince da shi a watan Mayun 2025, Majalisar Dattawa ta bi sahu a watan Oktoba, abin da ya share fagen miƙa shi ga shugaban ƙasa. Sashe na 58 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, idan ya ƙi kuma majalisun biyu na iya zartar da shi da rinjayen kashi biyu bisa uku. Ƙungiyoyin da suka dafa wa aikin sun haɗa da gidauniyar Africa Nature Investors ta cikin gida, da Environmental Investigation Agency mai ofis a Landan, da Wild Africa.

Abin da ya fi jan hankalin kafafen yaɗa labarai shi ne hukuncin: ɗauri har na shekara 10 da tarar da ta kai naira miliyan 12. Amma masu bin lamarin sun fi ba sauran tanade-tanaden muhimmanci. Ƙudurin ya ba masu bincike damar duba hada-hadar kuɗin waɗanda ake zargi da yin aiki da bayanan sirri, ya ba kotu ikon hanzarta shari'a da ƙwace dukiyar da aka tara ta wannan hanya, ya sa kamfani ma na iya amsa laifi, ya kuma buɗe ƙofar haɗin gwiwa da wasu ƙasashe har da miƙa masu laifi. Wato ya ɗauke fataucin dabbobin daji daga sahun ƙananan laifuka ya sa shi a layi ɗaya da safarar ƙwayoyi da halasta kuɗin haram, inda ya dace da shi tun farko.

Mai karatu a Kano ko Sakkwato zai iya ɗauka wannan magana ce ta dazukan Kudu. Ba haka ba ne. Giwayen da suka rage a faɗin Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, kuma ɗaya daga cikin manyan garkunan da suka saura yana Yankari ta Jihar Bauchi. Zakunan da suka rage ba su kai 50 ba, a Yankari da gandun Tafkin Kainji. Ungulu, wadda a da ba a rasa ta a kowace mahauta da bakin kasuwa, tun 2015 take cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma cinikin sassan jikinta domin magani da tsubbu na daga cikin dalilai. Dattawa da yawa za su iya tuna lokacin da suka daina ganinta, ko da ba su san ranar ba. Itacen madobiya ma haka: sararsa da fitar da shi zuwa Sin ya yi ƙamari har CITES ta dakatar da cinikinsa daga Najeriya a 2018.

A nan ne kuma gizo ke saƙar. Farauta sana'a ce mai tarihi da sarauta a ƙasar Hausa, masu maganin gargajiya na da kasuwa da mabiya, naman daji kuma abinci ne da hanyar samun kuɗi ga dubban gidaje, har a mazaɓar shi Ugbor ɗin. Idan aka aiwatar da doka mai tsanani a kan mai tallan ƙahon barewa a kasuwar ƙauye, aka bar mai sunduƙi a Apapa, to an maimaita kuskuren da aka ce za a gyara. Ga kuma sarƙaƙiyar iko: cinikin ƙasa da ƙasa da gandun dajin tarayya na hannun Abuja, amma farauta a cikin jiha na ƙarƙashin dokokin jihohi, waɗanda a Arewa da yawansu suka gaji dokar dabbobin daji ta Jihar Arewa ta 1963. Sannan wasu dazukan da ya kamata ma'aikatan gandun daji su tsare, irin su Kamuku a Birnin Gwari, sun daɗe da zama wuraren da rashin tsaro ya hana aiki. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa da daji da dabbobinsa, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai gwamnati ƙara kai tsaye a kansa. Saboda haka dokoki irin wannan ne ke mayar da alƙawarin tsarin mulki abin da alƙali zai iya hukunci da shi.

Leda da roba

A 2025 majalisar ta ba Ugbor shugabancin wani kwamitin wucin gadi da zai duba shirin ƙasar na hana amfani da leda da robobin da ake yarwa bayan amfani sau ɗaya. Ana ƙiyasta cewa Najeriya na samar da kimanin tan miliyan 2.5 na sharar roba a shekara, kaɗan ne daga ciki ake sake sarrafawa. Sauran na toshe magudanan ruwa, dabbobi su ci su mutu, ko a ƙona hayaƙin ya koma huhun jama'a. Jihar Legas ta riga ta hana mazubin abinci na soso tun Janairun 2024, majalisar zartarwa ta tarayya kuma ta hana irin waɗannan robobi a ma'aikatun gwamnati a watan Yunin shekarar. Kwamitin ya karkata ga tsarin da Ugbor ya saba da shi tun zamanin batura, wato mai ƙerawa ya ɗauki wani kaso na kuɗin kwashewa. Masu masana'antu na ƙorafin tsada da asarar ayyuka, kuma tambayar da ta fi wuya tana nan: me za a ba talakan da ruwan leda ne kaɗai tsaftataccen ruwan da yake iya saye?

Tsakanin Abuja da gida

Ɗan majalisa na iya samun yabo a tarukan ƙasa da ƙasa, amma ba can ake kaɗa masa ƙuri'a ba. Mutanen Kwande sun fi damuwa da hare-haren da suka raba al'ummomin yankin Turan da gonakinsu, da lalacewar hanyoyi, da halin da 'yan gudun hijira ke ciki. Ugbor ya sha tayar da maganar tsaron yankin a zauren majalisa da gaban manema labarai, yana neman a ƙara jami'an tsaro a kan iyaka, a kuma mayar da waɗanda aka kora gidajensu.

Dangantakarsa da gwamnatin jiharsa ma ba ta rasa tsami ba, duk da jam'iyyarsu ɗaya. A watan Satumban 2024 gwamnatin Binuwai ta tsare wata babbar mota ɗauke da kayan agajin hukumar NEMA da aka ware wa mazaɓarsa, bisa zargin ana sauke su a wani gida a Makurɗi maimakon Kwande. Ugbor ya musanta zargin karkatar da kayan, ya ce ajiye su za a yi kafin rabo, ya kuma danganta lamarin da siyasa. Taƙaddamar ta faru ne a daidai lokacin da APC ta Binuwai ta dare gida biyu, tsakanin ɓangaren gwamna da na Sakataren Gwamnatin Tarayya George Akume.

Wa'adin majalisa ta 10 zai cika a watan Yunin 2027. Duk ƙudurin da bai kammala zagayensa kafin lokacin ba, da duk rahoton kwamitin da ba a karɓa a zaure ba, ciki har da na leda da roba, sai dai a sake faro shi a majalisa ta 11.